Kafin Injin Haƙa Ya Sauka: Me Ya Sa Ake Duba Kufai Da Kaburbura A Wurin Aikin Ruwa?

'Yan'uwa, duk garin da aka taɓa yi wa alkawarin ruwa ya san yadda jira yake da ciwo. An yi taro, an kafa kwamiti, an tara gudummawa, zumuntar mata ta kawo nata, samari sun tara yashi da tsakuwa. Sai kuma a ga baƙi sun iso ba tare da injin haƙa ba, sai littafi da kyamara. Suna yawo cikin gonaki kai a sunkuye, suna tsintar tsingaro kamar yara, suna tambayar tsofaffi inda kakanni suka fara zama. A wurare da dama mutane sukan ce, "Mu ruwa muka roƙa, ina ruwanmu da fasassun tukwane?" Waɗansu kuma sukan yi zargin ma'adinai ake nema, ko wata dabara ce ta ƙwace gona.

Ba wanda zai ga laifin mai jin ƙishi idan ya ƙosa, don haka tambayar ta cancanci amsa. Baƙin nan masu binciken kayan tarihi ne. Aikinsu shi ne su duba ko akwai kufai, ko kaburbura, ko wani abin da mutanen dā suka bari a inda za a haƙa ko inda ruwa zai kwanta. A manyan ayyuka, kamar madatsar ruwa ko shimfiɗa bututu daga gari zuwa gari, masu ba da kuɗin aikin sukan sa wannan bincike ya zama sharaɗi. A ƙananan ayyuka kuwa, irin rijiyar burtsatse ko ɗan dam na ƙasa, sau da yawa ba mai zuwa, sai nauyin ya koma kan kwamitin ruwa da dattawan gari. Shi ya sa ya kamata kowace ikilisiya ta san abin da ake dubawa da dalilinsa.

Inda ruwa yake, nan mutanen dā suka zauna

Injiniya yana neman kwari mai ƙunci inda zai tare rafi, ko gefen fadama inda ruwa ke kusa. Mutanen da suka riga mu da shekara 500 ko 2,000 su ma abin da suka nema ke nan: tudun da ambaliya ba ta kaiwa, kusa da ruwan da ba ya ƙafewa da rani. Saboda haka wurin da ya fi dacewa da aikin ruwa yakan zama wurin da aka fi daɗewa ana zama a cikinsa.

Aikin ruwa kuma yana cin ƙasa fiye da yadda ake zato. Ramin burtsatse kansa bai wuce bakin bokiti ba. Amma akwai harsashin tanki, akwai ramin bututu mai tafiyar kilomitoci, akwai hanyar manyan motoci, ga kuma wurin da ake ɗibar jar ƙasa da marmara domin cika dam. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi. Direban katafila yana neman tudu mafi kusa ne ya kankare. Alhali a ƙasa mai shimfiɗe, tudun nan sau da yawa ba haka Allah ya yi shi ba, tarin gidajen ƙasa ne da suka rushe aka sake gini a kansu, tsara bayan tsara. Yankin Tafkin Cadi cike yake da irinsu. Tudun Daima a Borno, wanda Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966, ya haura mita 10, kuma duk tsayin nan zaman mutane ne na fiye da shekara 1,500. Irin wannan tudu katafila tana iya kwashe rabinsa cikin 'yan kwanaki.

Masu haƙa rijiya sun sha cin karo da tarihi

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya domin shanunsa kusa da ƙauyen Dufuna, a gefen Komadugu Gana, cikin ƙasar da yau take Jihar Yobe. Da ya kai zurfin wajen mita 5 sai ya bugi wani abu mai tauri, ya duba ya ga baƙin itace. Bai sare shi ya yi makamashi ba, ya kai labari wurin shugabannin gari, labari ya kai ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka haƙa wurin. Ashe kwalekwale ne da aka sassaƙa daga itace ɗaya, tsawonsa mita 8.4. Da aka gwada shekarunsa a ɗakunan bincike biyu a Jamus, sai aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi, a duniya ma kaɗan ne suka fi shi tsufa. Ya kuma nuna cewa ƙasar da yanzu ake fama da ƙarancin ruwa a cikinta, a dā ƙasar koguna da tafkuna ce, lokacin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. An kai kwalekwalen Damaturu.

Na biyun ya faru a Igbo-Ukwu, Jihar Anambra ta yau, wajen 1938. Wani magidanci yana haƙa ramin tara ruwan sama a gidansa, sai ya fito da kayan tagulla masu ado na ban mamaki. Da yake bai san darajarsu ba, ya rarraba waɗansu ga maƙwabta, ɗaya ma ya mai da shi kwanon shayar da awakinsa. Sai bayan shekara 20 Thurstan Shaw ya zo ya haƙa wurin bisa ƙa'ida, a 1959 zuwa 1960, ya sake dawowa a 1964. Ya samu kabarin wani babban mutum, da ɗakin ajiyar kayan sarauta, da duwatsun wuya fiye da 165,000. Gwaji ya kai kayan wajen ƙarni na 9 bayan haihuwar Almasihu, ɗaruruwan shekaru kafin wani Bature ya taka gaɓar tekunmu.

Duka biyun sa'a ce ta yi aiki, da kuma hankalin mutum ɗaya. Bincike kafin aiki yana nufin kada a dogara ga sa'a.

Majami'ar da yashi ya ɓoye

Wannan al'ada ta bincike kafin a tare ruwa ta yi ƙarfi ne daga Kogin Nilu. A 1960 Masar ta fara gina babbar madatsar Aswan. An san tafkin da zai taru bayanta zai miƙe wajen kilomita 500, ya shiga har cikin Sudan, ya cinye ƙasar Nubiya. A watan Maris na wannan shekara hukumar UNESCO ta yi kira ga ƙasashen duniya su kawo ɗauki, ƙasashe kusan 50 suka amsa da kuɗi ko da ma'aikata. Abin da duniya ta fi tunawa shi ne haikalin Abu Simbel na Fir'auna Ramsis na Biyu. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanyanka shi gunduwa-gunduwa fiye da 1,000, aka ɗaga shi sama da mita 65, aka sake haɗa shi yadda yake.

Amma akwai abin da ya fi kusa da mu. A Faras, wani ƙauye a arewacin Sudan kusa da iyakar Masar, akwai wani babban tudun yashi. An ba masana daga ƙasar Foland, ƙarƙashin Kazimierz Michałowski, su bincike shi kafin ruwa ya iso. Suka fara a 1961. Da suka kwashe yashi sai ga bango, sai ga zanen fuskoki a jikin bango, launinsu bai dushe ba. Babbar majami'ar bishof ce ta tsohuwar daular Nobadiya, wadda ta karɓi bangaskiyar Kirista wajen shekara ta 543. Rubutun da aka samu a wurin ya nuna Bishof Bulus ne ya sake gina ta a shekara ta 707. Yashin da iska ta tura ciki bayan an daina sujada a wurin, shi ne ya kare ta ɗaruruwan shekaru.

An samu zane-zane fiye da 150, waɗansu a kan waɗansu, domin duk lokacin da aka sake shafe bango sai a yi sabon zane. Akwai zanen haihuwar Yesu, da na abokan Daniyel uku cikin tanderun wuta, da na mala'iku, da na bishof-bishof baƙaƙen fata cikin rigunansu na hidima, kamar Bishof Bitrus wanda ya yi hidima a ƙarshen ƙarni na 10. A jikin wani bango kuma an rubuta jerin sunayen bishof-bishof na Faras fiye da 25, da tsawon hidimar da yawa daga cikinsu. Da wannan jeri ne masana suka daidaita tarihin ikilisiyar Nubiya, wadda ta rayu fiye da shekara 800 a Afirka, tun kafin a san da zuwan 'yan mishan na Turai.

Lokaci ya yi musu kaɗan ƙwarai. Zuwa 1964 sun ɓamɓare zane wajen 120 daga bango, suka naɗe, suka kwashe. Daga nan ruwa ya rufe Faras, har yau kuwa majami'ar tana ƙarƙashin tafki. An raba zane-zanen biyu: fiye da 60 suna gidan tarihi na birnin Warso, sauran aka kai gidan tarihi na Khartum, wanda ya sha wawaso a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Ku yi tunani, da an ce a yi sauri a tare ruwa kawai, da ba wanda zai san fuskokin waɗannan shugabannin ikilisiya.

Kada kuma a manta da masu rai. Kimanin Nubiyawa 100,000 aka tasa daga garuruwansu saboda wannan madatsa, waɗanda ke Wadi Halfa aka kai su can gabashin Sudan, nesa da koginsu. Daga baya, lokacin gina madatsar Merowe a Sudan tsakanin 2003 da 2009, mutanen Manasir sun kori masu binciken tarihi daga ƙasarsu. Hujjarsu ita ce ana ta ɗawainiya da ƙasusuwan matattu, su kuwa masu rai ba a daidaita da su kan inda za su koma ba. A ganina suna da gaskiya babba a nan. Binciken da bai saurari mutanen wurin ba ya bar rabin aikinsa.

A ƙasarmu ma an yi. An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Tafkin ya tashi mutane kimanin 44,000, Bussawa da Kambari da Gungawa da sauransu, ya kuma nutsar da tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Tun a farkon shekarun 1960 Robert Soper ya zaga kwarin yana rubuta wuraren tarihi, daga baya waɗansu ƙungiyoyi suka haƙa kaɗan daga ciki kafin ruwa ya hau. A wani tudu kusa da Yelwa aka samu tukwane da kayan ƙarfe da ƙananan siffofin yumɓu na mutanen da suka zauna wurin a ƙarnonin farko bayan haihuwar Almasihu. Kaɗan ne aka samu haƙawa, domin an fara a makare. Sauran suna ƙarƙashin ruwa.

Yadda ake yin binciken

Ana farawa da takardu: taswira, tsofaffin rahotanni, da hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, inda tsohuwar ganuwa ko zagayen kufai kan fito fili ko da a ƙasa ba a ganinsu.

Daga nan sai a zauna da mutanen gari, wannan kuwa shi ne matakin da ya fi kowanne amfani. Ba na'urar da ta san abin da tsoho mai shekara 80 ya sani. Ina aka fara zama kafin a sauko daga kan dutse? Ina aka binne waɗanda suka mutu a shekarar agana ko sanƙarau? Wace bishiya ce ba a sarewa? A tabbata an tambayi mata, ba maza kaɗai ba. Tsofaffin mata su ne suka san inda ake ɗibar yumɓu a dā, da tsohuwar rijiyar da ta rufta, da bayan ɗakin da aka binne jarirai ba tare da alama ba. A tambayi mafarauta da makiyaya, domin sun taka inda manomi bai taka ba. Idan kuma wata ƙabila ce ta zauna a wurin kafin ku, ta ƙaura, a aika a tambaye su. Kaburburan nasu ne, ko da gonar taku ce yanzu.

Sai tafiya a ƙasa. Mutane sukan jeru, tsakanin kowane biyu taku goma zuwa ashirin, su ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan suna duban ƙasa. Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, bayan an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe. Da damina ba a ganin komai. Alamun da suke nema yawancinku kun san su, sai dai ba ku ɗauke su a bakin komai ba: tsingaro da ya taru wuri ɗaya, kashin maƙera inda aka narka tama, dutsen niƙa da ya lotsa, duwatsun da aka jera zagaye na gindin rumbu, ramukan marina, ƙasa mai launin toka ta tsohon juji, rukunin tsofaffin kukoki a tsakiyar daji. Har da ɗan santsin dutsen nan da ake kira gatarin aradu. Ba aradu ce ta jefo shi ba, gatari ne da mutane suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙarfe. Duk abin da aka gani sai a ɗauki hotonsa, a rubuta daidai inda yake.

Idan alamun sun yi yawa, sai a haƙa ƙananan ramukan gwaji, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a riƙa sauka kaɗan-kaɗan ana tankaɗe ƙasar. A ƙarshe sai rahoto, wanda yawanci ɗaya daga abu uku yake faɗa: a ci gaba da aiki ba komai, ko a gusa da tanki ko bututu zuwa gefe, ko, idan ba halin gusawa, a ba masana lokaci su haƙa su kwashe kafin aiki ya fara. Gusawa ita ce mafi araha, muddin aikin yana kan takarda. Karkata layin bututu da mita 30 a kan taswira ba ya cin ko sisi. Bayan an zuba kankare kuwa, magana ta canja. Filin rijiya ɗaya da tankinta ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo a duba shi. Dam ne mai cinye gonaki da yawa yake bukatar watanni.

Don me ba za a tsince kayan kawai a kai musu ba?

Mutane masu kyakkyawar niyya sukan tattara abin da suka tono, su wanke shi tas, su zuba a buhu su kai wa hukuma. Masani yakan karɓa ya yi godiya, amma a ransa ya san an yi asara. Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Inda abu yake kwance, da abin da ke kusa da shi, su ne suke ba da labari. Tukunya a gefen ƙasusuwa tana faɗin yadda ake binne mutane. Tukunyar nan a cikin buhu, tukunya ce kawai.

Gawayin da ake sharewa a zubar ya fi tukunyar daraja a wurin mai bincike. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14. Daga ranar da itace ko dabba ta mutu sinadarin yana raguwa, rabinsa yana tafiya a kowace shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a ɗan gawayi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone, sai a san shekarunsa. Haka aka san shekarun kwalekwalen Dufuna.

Wanki ma yana ɓarna. Mutanen kudancin Kaduna da kewaye sun san siffofin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Ɗaya daga kawunan da suka fi shahara ma sai da ya yi shekara guda a gonar doya yana aikin tsorata dabbobi, kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos. Masanan Frankfurt da suka yi aiki a yankin daga 2005 sun gano cewa mutanen Nok sun fara zama a can tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu, kuma gero ne babban abincinsu. Ƙonannun ƙwayoyin gero ne suka faɗi haka. A 2021 kuma aka buga sakamakon gwajin maiƙon da ya shige jikin tsingaronsu, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo suna da alamar kakin zuma. Wato shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a ƙasar nan. Ba siffa mai tsada ce ta ba da wannan labari ba, fasasshiyar tukunyar girki ce.

Kaburbura da wuraren tsafi

Nan ne rigima ta fi tashi. Ba abin da ke raba gari da sauri kamar a wayi gari a ga katafila ta tone kakan wani. Akwai kuma dalilin lafiya. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Game da maƙabarta kuwa, wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ba da shawarar mita 250 tsakanin kabari da rijiyar da ake sha. Tsohuwar maƙabartar da aka manta da ita ba za ta shiga lissafi ba sai wani ya faɗa. Idan ya zama dole a tashi kabari, iyalin mamacin ne za su yarda, su kasance a wurin, a sake binnewa da mutunci bisa al'adarsu ko addininsu, kuma kuɗin yin haka yana cikin kuɗin aikin.

Maganar kurmin tsafi ko dutsen da kakanni suke yanka a kai ta fi wuya a cikin ikilisiya. Wani zai ce, "Mun bar waɗannan abubuwa, bari katafila ta share su mu huta." A yi hankali. Sau da yawa akwai maƙwabta, wani lokaci 'yan gida ɗaya da mu, da har yanzu wurin yake da girma a idonsu. Rijiyar da aka kafa bisa ɓacin ransu ba za su sha ba, ba kuwa za su ba da kuɗin gyaranta ba. Ban da haka, rubuta wuri a littafin tarihi ba bauta masa ba ne. Sau da dama ma irin wannan kurmi shi kaɗai ne ya rage da manyan itatuwa a kan idon ruwa, tsoron da ake yi masa ne ya hana gatari shiga. A sare shi, idon ruwan yana iya ja baya.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya, hukumar da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ita ce NCMM, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa. Dokar ta hana kowa haƙa ƙasa don neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba. Ta ce wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Ta kuma hana sayar da su ga kowa sai wanda hukumar ta amince da shi. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka, har da madatsai, kafin a fara su. Bankin Duniya ma yana da sharaɗi a ayyukan da yake ba da kuɗinsu, cewa ɗan kwangila ya tsaya ya ba da rahoto idan ya tono abin tarihi ba zato.

Dole a faɗi maganar dillalai, domin da zarar labari ya fita za su zo. A shekarun 1990 an yi wa ƙasar Nok mummunan tono, haka Kwatarkwashi a Zamfara, haka Bura a Jamhuriyar Nijar. Samari suka bar noma suka koma haƙa, gonaki suka zama ramuka. Dillali ya biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kayan suka ƙare a Turai da Amurka da tsada mai yawa. Har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok da na Sakkwato da Katsina da Bura cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Garuruwan da aka tone kuwa, ramuka aka bar musu.

Idan ana cikin haƙa aka ci karo da wani abu

A tsayar da aiki a daidai wurin, ba lallai a duk filin ba. Kada a ciro abin, kada a wanke, kada a bar yara su yi wasa da shi. A ɗauki hoto da waya yana nan inda yake, a ajiye fartanya ko sanda a gefensa domin a gane girmansa. A rufe da leda ko buhu, a zuba ƙasa kaɗan a kai, a sa wanda zai riƙa lura. Kada a watsa hoton a Facebook ko WhatsApp, domin dillalai sun fi hukuma saurin isowa. A sanar da mai unguwa da dagaci, da mai kula da aikin, da ƙaramar hukuma, sannan gidan tarihi mafi kusa. Akwai su a Jos, Kaduna, Minna, Yola, Maiduguri, da Gidan Makama a Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos suna da sashen da ke koyar da wannan ilimi. Idan ƙasusuwan mutum ne kuma ana shakkar ko sababbi ne, 'yan sanda ne farkon waɗanda za a kira.

Tsoron da ke sa mutane su yi shiru shi ne kada a ce an fasa rijiyar, ko a ƙwace gonar. Abin da aka fi gani shi ne a zo a duba, a auna, a kwashe abin da za a kwashe, ko a ce a gusa kaɗan, aiki ya ci gaba. Wanda ya fi kowa son a yi shiru shi ne ɗan kwangila, domin kowace ranar da injinsa ya kwana bai yi aiki ba asara ce gare shi, leburori kuma ba a biyansu ranar zama. Don haka tun ranar da kwamitin ruwa zai sa hannu a yarjejeniya, a rubuta a ciki ƙarara wanda yake da ikon cewa a tsaya, kwana nawa za a jira, wa za a kira, da kuma aljihun da kuɗin kwanakin jiran zai fito. A karanta wannan sashe da ƙarfi a gaban direban katafila da masu haƙa ramin bututu, domin su ne za su fara gani.